Takalmin Sandar Malam Iro

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif a wannan damina da muka kai mahaifina, Malam Iro, makwancinsa. A unguwarmu da ke bayan Titin Bauchi ba a cika kiran sunansa haka kawai ba, Iro Mai Sanda ake cewa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, yayana Alhaji Sabo yakan sa hoton Baba a waya daga Abuja, ya rubuta addu'a da Turanci, mutanen da ko gaisawa ba su taɓa yi da tsohon ba su yi ta zuba amin. Ni ban taɓa rubuta komai ba. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, sana'ata facin taya, kuma hannun da ya saba da guduma ba ya son biro. Bana dai na ce sai na rubuta, domin akwai maganar da na danne duk tsawon shekarun nan, kuma saura kaɗan ta zaunar da mahaifiyata zaman da babu tashi.

Bari in fara da wannan don kada in yi ta kewaye-kewaye. Inna, mahaifiyarmu, ta haura tamanin. Tun farkon bazara gwiwoyinta suka ƙi, ta daina fita ko tsakar gida sai an kama ta. Likitar ƙashi da ke duba ta ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce idan tsohuwa ta ci gaba da zama a kan katifa, nan da 'yan watanni ƙafafun za su saki, babu mai sake tayar da ita. Magani ɗaya ne, ta riƙe sanda ta riƙa takawa kullum. Alhaji Sabo ya aiko da wata ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, mai maɓallin ƙara tsawo, har da kwali. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce a ba masu shanya, ita ba za ta dogara da ƙafar gado ba. Ta ce sanda ɗaya ta yarda da ita a duniya, ta Malam, ita kuwa an ce ta ɓata. Wanda ya ce ta ɓata ni ne. Ƙarya na yi. Sandar tana wurina.

Kafin in faɗi dalilin ƙaryar sai na faɗi wane ne Malam Iro, kada wanda bai san shi ba ya ɗauka a kan itace kawai nake wannan surutu. A ruga aka haife shi wajen Vom, ya tashi a bayan shanu, da ya girma ya shiga korar shanun fatake zuwa kara. Da ƙafa ya san ƙasar nan, dutse bayan dutse. Yana da kimanin shekara hamsin wani bijimi ya matse shi da turke a kara, ƙugunsa ya goce, daga ranar bai sake tafiya ba sai da abin dogarawa. Da wani ne da ya zauna ya fara miƙa hannu. Shi mota ya hau ya tafi dajin Kuru, ya yini yana zaɓe, ya dawo da reshen dargaza ɗaya mai ƙulli a kai daidai tafin hannunsa. Ya gasa shi sama-sama a wuta, ya miƙar da shi, ya rataye a inuwa har ya bushe. Ita ce sandar da ya riƙe shekara ashirin da wani abu. Ya koma sayar da igiya da gishirin shanu a bakin kara, kuma ba mu taɓa jin ya ce wayyo ƙuguna ba.

Duk Juma'a da hantsi yakan fito ya zauna a kan wani falalen dutse da ke ƙofar gidanmu. Kayan aikin ba su da yawa: tsumma biyu, toka a murfin kwano, ɓallin fasasshiyar kwalba, gwangwanin man shanu, da wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta. Amma akwai tsari, kuma ban taɓa ganin ya tsallake ko ɗaya ba. Da farko ya goge taɓo da tsumma mai ɗan laima. Ba ya tsoma sanda a ruwa, ya ce itacen da ke sha yana bushewa, yana sha yana bushewa, wata rana sai ya tsage. Sai ya ƙwanƙwasa ta a kan dutsen, ya kasa kunne. Lafiyayyar sanda tana amsawa ƙwal. Wadda ta fara tsagewa a ciki muryarta a dishe take. Idan akwai wurin da ya yi kaushi ya kankare da kwalbar a hankali, yana bin tsawon itacen, ba ya gittawa. Daga nan ya narka man shanu a tafin hannunsa ya murza mata tun daga ƙasa har ya rage yatsa huɗu a kai, ya tsaya. Kan sanda, inda hannu ke riƙewa, ba ya ganin mai. Toka kawai ake murza masa a karkaɗe. Inna ta taɓa shafe ta da mai har kai don ta yi masa gwaninta. Sai da ta kawo tuwo ya ce, "Ke so kike ki ci gadona da wuri?" Har yau idan aka tuna mata sai ta rufe baki tana dariya.

Bayan mai sai a shanya ta a inuwa, ba a rana ba. Kuma ba a jingine ta a kusurwar ɗaki, rataye ta ake yi a ƙusa, domin sandar da aka saba jinginewa a hankali take yin doro.

Abin da ya fi ba muhimmanci shi ne wanda yake kira takalmi, wato robar da ke gindin sanda. Duk wanda ya san Jos ya san ƙasarmu dutse ce da gangara, kuma idan ruwa ya sauka dutsen nan ya fi sabulu santsi. Baba yakan yanko roba daga tsohuwar tayar babbar mota, ya fafe ta kamar ƙaramin kofi, ya tsoma a ruwan zafi ta yi laushi, ya cusa gindin sandar a ciki. Idan ta huce ta kama gam. Ba ya buga ƙusa. Ya ce ranar da robar ta cinye kan ƙusar ne zai taɓa dutse, ƙarfe kuwa ba ya tsayawa a kan jiƙaƙƙen dutse. Daga ƙarshe ya yi wa ƙasan robar tsaga uku da wuƙa don ta kama ƙasa.

Tun yana yi wa kansa har tsofaffin unguwa suka fara kawo nasu. Kafin wani lokaci dutsen nan ya zama majalisa. Limamai, tsofaffin soja, mahauta, masu fansho, wasu daga coci suke da nasu sandunan na kanti masu lanƙwasasshen kai. Bai taɓa karɓar komai ba sai goro. Kuma abin da ya sa nake cewa mutumin nan ba ƙaramin mutum ba ne, bai iya karanta ko sunansa a takarda ba, amma yana karanta takalmin sanda. Kafin ya taɓa komai sai ya juya sandar ya dubi inda robar ta ci. Daga nan yake sanin yadda mai ita ke tafiya, da wace ƙafa ke ha'intarsa.

Akwai Baba Gyang, abokinsa tun zaman Vom, wanda ya yi ritaya daga aikin kula da dabbobi. Wata Juma'a ya miƙo tasa yana cewa, "Iro, duba min wannan sanda, ya fara yi min wayo."

Baba ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Gyang, yaushe ka fara jan ƙafar hagu?"

"Ni? Ƙafa na lafiya lau. Kai likitan mutane ne yanzu?"

"Kai ne ka zauna da likitocin shanu shekara talatin, ni bayan shanun kawai na bi. Amma dubi nan. A da daidai take ci. Yanzu gefe ɗaya ta ci, ga kuma alamar ja. Gobe ka je a auna jininka, kada ka tsaya shan burkutu a hanya."

Baba Gyang ya zage shi tas, majalisa ta yi dariya. Amma ya je. Aka tarar jininsa ya hau sosai, likita ya ce saura ƙiris ɓarin jikinsa ya mutu. Bayan mako biyu sai ga shi a bayan mashin da kwandon dankali, ya dire a ƙofarmu ya ce, "Ba na kai ba ne, na sanda ne."

Dokoki biyu Baba yake da su waɗanda ko hakimi ya zo ba ya sassautawa. Ta ɗaya, ba ya jefar da tsohon takalmi sai mai sanda ya gani da idonsa, ya san yadda yake tafiya. Ta biyu, ba ya yanke tsawon sanda sai mai ita yana tsaye a gabansa, ya saki hannunsa, a auna daidai wuyan hannu. Idan ɗa ya kawo sandar ubansa ya ce a rage, sai Baba ya ce, "Koma ka zo da shi. Ni ban iya auna mutumin da ba ya nan ba."

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo garin nan yau. Dutsen da yake zama an ɗora masa shagon cajin waya. Tsofaffin da ke tsallako titi su zo majalisarsa yawancinsu sun mutu, waɗanda suka rage kuma 'ya'yansu ba sa barin su shiga unguwar da ba tasu ba, tun da rigingimu suka raba mana hanyoyi. Sanduna yanzu a kemis ake saye, na ƙarfe, suna ƙarar kwano idan mutum na tafe, idan robar ta cinye a jefar da sandar gaba ɗaya. 'Ya'ya sun iya aiko wa iyaye kaya a mota, sun iya kira a waya su ce yaya ƙarfin jiki, amma ka nemo min mutum ɗaya da ya taɓa durƙusawa ya juya sandar ubansa ya dubi gindinta. Na daɗe ina wannan zagin a bakin shagona, duk wanda ya tsaya faci ya sha ji. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, a cikin waɗanda nake zagi ni ne na gaba.

A shekararsa ta ƙarshe hannun Baba ya fara karkarwa. Mai yana iya shafawa, toka yana iya murzawa, amma wuƙa ta fi ƙarfinsa, robar taya kuwa ba ta yankuwa da hannu mai rawa. Ni kuma shagona yana bakin titi, bai fi tafiyar minti biyar daga gida ba, kuma tsofaffin tayoyi sun yi tsibi a bayansa har sauro na haihuwa a ciki. Sau uku ya tambaye ni in yanko masa sabon takalmi. Na farko a gida, na ce to. Na biyu bayan sallar Juma'a, na ce na manta. Na uku ranar wata Laraba ya tako da kansa har shago. Akwai bas a kan jak, direba na ta ihu a kaina, fasinjoji na tsaki. Baba ya tsaya a gefe, ya jira har na ɗago.

Ya ce, "Ɗanladi, in ka samu sarari ka yanko min takalmi. Wannan ya kai itace."

Na ce, "Baba, don Allah ba ka ga aiki a gabana ba? Ka bari sai gobe."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya juya ya tafi. Aikin minti goma ne. Na sha ɓata fiye da haka ina gardamar ƙwallo.

Alhamis ban tuna ba. Ranar Juma'a aka yi ruwa da safe. Ya fito zai gangara masallaci ta hanyar da ya bi shekara da shekaru, ya kafa sandar a kan dutse, itacen ya zame. Ɗaya ƙugun, mai lafiyar, shi ya karye. Ni aka fara kira. Kafin a ɗauke shi na tsinci sandar a cikin kwata, na juya ta yadda na ga yana yi, na ga robar ta huje, farin itace ya leƙo, ga sabon karce inda ya goga dutse. Mutane na ta kokawar sa shi a mota, ni na zagaya na cusa ta a bayan tayoyin shagona. Daga baya na naɗe ta da robar cikin taya na tura saman rufin shagon. Na ce ta ɓata a cikin hayaniya.

Kwana arba'in da 'yan kai ya yi a kwance, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na zagi asibiti. Na zagi Alhaji Sabo da bai zo ba sai ana gobe rasuwa. Na zagi waɗanda suka ƙi gyara hanyar unguwa. Wasu daga cikin zagin sun cancanta, har gobe ban janye ba. Amma ranar sadakar uku Baba Gyang ya kama hannuna ya ce, "Ɗanladi, ina sanda na Iro?" Na ce ta ɓata. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Sanda kamar wannan ba ya ɓata." Har ya mutu ban sake yarda mun haɗa ido ba.

Haka na zauna shekara goma sha ɗaya ina faci a ƙarƙashinta. Sai ga maganar Inna. Mako ya wuce, wata ya wuce, ƙafafunta suka fara sirancewa, matata ce ke ɗaga ta zuwa bayi. Na sayo sandar katako a kasuwa, ta ce wannan muciya ce. Likita ta sake zuwa, ta matsa ƙafar, ta ce min a ƙofar gida, "Malam, ba ku da lokaci da yawa fa." Washegari da safe na hau kan tayoyi na sauko da ita.

Na warware robar. Mutumin da ba ya yarda a jingine sanda, ni na kulle tasa a cikin roba ta yi ta gumi damina goma sha ɗaya. Fumfuna ya rufe ta fari fat, tana wari, ta yi toka-toka kamar ƙashi. Na fita bayan shago inda akwai ɗan dutse, na ƙwanƙwasa. Ta ce ƙwal. Na sake. Ƙwal. Man da ya yi shekara ashirin yana ɗura mata shi ya hana ruwa shiga cikinta. Ni na yi iya ƙoƙarina in kashe ta, aikinsa ya fi nawa ƙarfi.

Kwana huɗu na yi a kanta. Ban san na haddace tsarin ba sai da na ga hannuna yana bi da kansa. Tsumma mai laima. Inuwa. Kwalba, a bi tsawo. Man shanu na sayo wurin matan da ke kawo nono, na murza sau ɗaya ta shanye kamar ban sa ba, na sake, na sake, sai a rana ta uku launinta ya fara dawowa, ja mai duhu irin na dabino. Yatsa huɗu kafin kai na tsaya. Da na murza wa ƙullin toka sai ga wurin da babban yatsansa ya lotsa ya fito sarai. Nan na ajiye aiki na ɗan jima.

Saura gindin. A nan Shaiɗan ya zo min da shawara mai kyau. Inna gajeriya ce, dole a rage sandar kamar tafin hannu ɗaya. Abin da za a yanke kuwa shi ne daidai wurin da ya huje, da karcen, da komai. Zarto na rataye a gabana. In yanke, in sa sabon takalmi, in kai mata in ce wani ne ya tsinta ya ajiye. Ba wanda zai sani har abada. Wallahi na ɗora zarton, har ya fara cin itace. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah ba ne, gara in faɗi gaskiya. Ban san inda zan yanke ba ne. Idan na rage da yawa za ta riƙa sunkuyawa, idan ban rage sosai ba kafaɗarta za ta ɗaga, ko wanne zai iya kayar da ita. Sai na ji muryarsa kamar yana zaune a bencina: ni ban iya auna mutumin da ba ya nan ba. Ashe dokar ba taurin kai ba ce. Na riga na kayar da ɗaya, ba zan yi caca da ɗayar ba.

Na kai mata ita yadda take, bayan la'asar, da zarton da sabon takalmi a aljihu. Tana zaune a kan katifa. Ba ta yi salati ba, ba ta tambayi inda na samo ba. Ta karɓa, ta shinshina man, ta shafa ƙullin. Sannan ta juya ta. Shekara hamsin ta yi tana kallon mutumin nan, ita ma ta iya karatun. Ta sa babban yatsa a cikin hujin.

Ta ce, "Sau nawa ya tambaye ka?"

Na ce, "Sau uku, Inna."

Ta ce, "Ni sau biyu ya ce min. Ya rage maka ɗaya."

Ta ce tun yana asibiti ya gaya mata, ya ce ya san sandar tana wurina, ya kuma ce kada wanda ya tambayi Ɗanladi sanda, da kansa zai kawo ranar da ya iya. "Ni dai ban zaci za ka kai shekara goma sha ɗaya ba. Shi ya ce kana da nauyin baki, ban san har haka ba."

Na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ce, "Ni me ka yi min ban da ƙarya? Wanda ka yi wa laifin ya gama da kai tun yana kwance. Sauran tsakaninka da Allah ne, kada ka zo kana jiƙa min zane. Tayar da ni ka auna, ƙafata ta gaji da katifar nan."

Ni da matata muka kama ta. Ta tsaya da ƙyar, ta saki hannunta, na juya sandar kai a ƙasa na auna daidai wuyan hannu, na yi alama da farce. Wurin ya haura inda na fara ɗora zarto da yatsa biyu. Na yanke, na tsoma sabon takalmi a ruwan zafi, na cusa, muka jira ya huce. Guntun da na yanke ya gangara ƙasa da tsohuwar robar a jikinsa. Na miƙa hannu zan ɗauke, ta riga ni da ƙafa, ta turo min shi. Ta ce, "Wannan naka ne. Ni ba ni sauran." Ranar taku bakwai ta yi, daga katifa zuwa bakin ƙofa, tana zagin gwiwoyinta ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Sabo yakan ce Baba bai bar mana komai ba, ko fili. Gaskiyarsa ce, idan takarda ake nema. Gidan da muke ciki ma rabinsa laka ne. Amma ni na ga itacen da aka wulaƙanta shekara goma sha ɗaya ya amsa ƙwal saboda hannun da ya kula da shi. Na ga dokar da ya kafa don tsofaffin unguwa ta kama hannun ɗansa a kan zarto, shi yana kabari. Na ga mutumin da ɗansa ya kayar, yana kwance da karyayyen ƙugu, yana rage wa ɗan laifi a gaban uwarsa. Ban san abin da masu ilimi ke kiran wannan ba. Ni dai ban gaji haƙurinsa ba, har yanzu bakina bai da daɗi, kuma ba na jin zai gyaru. Tsarin goge sanda kawai na gada, da guntun itace mai hujajjen takalmi da ke ajiye a kan bencin shagona inda nake ganinsa kullum.

Wata biyu ke nan Inna na takawa. Larabar da ta wuce ina ƙarƙashin wata bas sai na ji ƙwas, ƙwas a bayana, irin takun da na sani. Na leƙo. Ita ce, da ƙafarta, matata na biye da ita a baya kamar ɗan sanda. Ta tsaya daidai inda ya tsaya. Ta ce, "Ɗanladi, takalmin nan naka ya fara juyawa. Ba ka fafe shi daidai ba, na Malam ba ya haka."

Direban bas ya buga ƙofa ya ce, "Oga mai faci, lokaci na tafiya fa, fasinja na jira!"

Na fito, na goge hannuna, na jawo wa Inna benci ta zauna. Na ce masa ya jira, ko ya ɗauki tayarsa a ka ya yi gaba. Na ɗauko wuƙa.

Allah ya jiƙan Malam Iro Mai Sanda, ya sa ƙafarsa ta tsaya daram a ranar da ƙafafu ke zamewa.